Ranar da Sarkin Gara Ya Durƙusa wa Delu

"Gida lafiya, yara lafiya, ruwa ya yi gyara, duka na amsa maka. Yanzu gaya mini wa ya koro ka, don wannan hakin ba na gaisuwa ba ne."

"Delu, ajiye tukunyar nan."

"Ikon Allah! Bawa ya shigo gidan uwargijiyarsa, ko takalmi bai cire ba, har yana ba da umarni."

Ni Kande, dangar kara ce kawai tsakanina da Delu a Zermu, kuma dangar nan ta tsufa, ba ta ɓoye wa kowa komai. Ina tsaye da taɓarya a hannu na ga wannan al'amari tun daga farkonsa. Daminar shekarar da anasara suka sauke tutarsu ce, ana ta maganar 'yancin kai a kowace rijiya, saura 'yan kwanaki.

Delu da Alkasum taubasai ne: uban Delu da uwar Alkasum ciki ɗaya suka fito. Tun suna yawo ba wando suke gardama a kan abu guda. Delu ta ce ita 'yar namiji ce, don haka ɗan mace bawanta ne. Alkasum ya ce uwarsa ce babba, ita ta goyi uban Delu, don haka shi ne ubangida. Sun girma, kowa ya yi aure ya haihu, ba wanda ya sauka daga kan bakansa.

Alkasum ya yi lakwal, wato makarantar boko, a birni, ya kama aiki a gonar gwaji ta sarwis, wato ma'aikatar noma, kuma aikinsa gara. Wallahi gara, wannan da ke cin rumbu da azara. Shi ya sa Delu ta naɗa shi Sarkin Gara. Ita kuwa kiwon zabi take yi, kuma duk mai zabi ya san tsakon zabo ba ya tashi sai da gara. Sai ka cusa busasshen kashin shanu da guntayen kara a tsohuwar tukunya, ka yayyafa ruwa, ka kife ta a gindin suri da yamma. Da sassafe ka ɗauko ta cike, ka juye wa tsaki.

Bara gara ta cinye gindin rumbun Delu, ya zube, irin gyaɗarta ya lalace kaf. Bana ba ta shuka ko ƙwaya ba. Ƙwan zabi ta tara ta sa wa kaji, suka ƙyanƙyashe mata tsaki cike da tsakar gida. Su ne gonarta, ba ta da wata. To, ranar nan tsakin suna zagaye da ƙafafunta suna kuka, ita kuma tana rungume da wata sabuwar tukunya mai farin zane a wuya, ta rufe bakinta da faifai.

"Delu," in ji Alkasum, yana jingine kekensa, "tukunyata ce. A gindin surin tsamiya kika ɗauke ta."

"Ni na ce ban ɗauka ba? Ai na bar maka tsohon takalmina a wurin, don kada ka zargi bayin Allah. Kayan bawa na uwargijiyarsa ne."

"Akwai guba a ciki."

Delu ta ƙyalƙyale da dariya har faifan ya motsa. Ni ma na dara, ba zan ɓoye ba. Mu biyu muka je bikin suna a Garagumsa, sai jiya da yamma muka dawo, ba mu san abin da aka yi a gari ba. Mijinta Nomau kuwa ya yi sammakon gona, kuma Delu ba ta shawara da kowa in za ta yi wa Alkasum ɓarna.

"Guba!" in ji ta. "Irin ta furar nan? Ka ce ƙadangare ya faɗa ciki, na ture ƙwarya, ina juya baya ka shanye har da lashe ludayi."

"Wancan wasa ne."

"Ko irin ta kumandan, anasaran mulki? Ka ce zai zo ƙidayar zabi don a sa musu haraji. Na kulle su a ɗaki, suka yi mini kashi a gado, Nomau ya koma kwana a zaure."

"Ai na yi wa Nomau alheri, ya huta da minsharinki."

"Ka ji ko, Kande? Mutumin da ya zo da maganar mutuwa, har yana da bakin zagi."

Alkasum ya dafe kai. Abin da ya cuce shi ke nan. Bakinsa ya saba, ko bai so ba sai ya rama, kuma duk ramuwar da ya yi sai Delu ta ƙara tabbata wasa ne.

"Saurara mini. An yi shela, Maigari ya faɗa a masallaci. Duk tukunya mai farin zane a wuya, kada a taɓa."

"Na ɗauka kwalliya ce. Na ce Sarkin Gara ya fara yi wa matansa jere."

"Bari in kira miki Maigari."

"Yana gona. Je ka kira shi, kafin ku iso tsakina sun ƙoshi."

Ya matso taku ɗaya, ta ja baya ta ɗaga tukunyar sama.

"Taɓa ni in sake ta, ta fashe, su tsince abinsu a ƙasa. Ka ga ka rage mini aiki."

Nan ya tsaya cak. Gaskiyarta ce, in tukunyar ta faɗi a tsakiyar tsakin nan, ba mai iya raba su da abin da ke ciki.

"Wallahi, Delu, akwai guba."

"Subhanallahi! Kada ka sa sunan Allah a wasanmu, ka jawo mana fari. Saboda tukunyar da ko miya ba ta taɓa gani ba za ka yi saɓo? Kai da aka kai lakwal, gwaggo ta yi ta kuka kamar an kai ka yaƙi, ka sha bulalar mushe, malamin lakwal, shekara da shekaru, ashe girki ake koya maka. Ka fito kuma ka rasa wanda za ka yi wa sai gara."

"Gara ta san daɗin abinci. Tuwonki aka ajiye mata ta kewaye shi."

"Tuwona ne ya yi maka wannan wuyan."

"Shi ya sa har yau yake ciwo."

"To, malamin ƙarya, zo in kama ka." Ta ɗan ɗaga gefen faifai ta leƙa. "Ga su nan suna ta kai da kawowa, ƙatti, masu ƙiba, ko ɗaya ba ta kwanta ba. Wace irin guba ce wannan? Guba mai kunya?"

Sai na ga fuskar Alkasum ta sauya. Ko a cikin tsoro, in aka taɓo aikinsa sai idonsa ya yi haske.

"Ai aikin ke nan gaba ɗaya! Damina biyu ina neman gubar da ba ta da gaggawa. Kin tuna yadda ake yi da? A tara maza su fasa suri, su yini suna haƙa suna neman uwar gara, sau da yawa ba a same ta ba. Ko a zuba magani mai ƙarfi, na sama su mutu, bayan kwana kaɗan surin ya tashi kamar ba a yi ba. Don uwar tana can ƙasa tana zuba ƙwai, ba ta fitowa, sai dai a kai mata abinci a baki."

"Kamar matarka ke nan."

"Kamar ke dai. To, na ce me zai hana 'ya'yanta su kai mata da kansu? Na ɗauki tukunyar nan taku ta masu zabi, na sa garin magani a cikin abincin. Na farko ya yi yawa, suka mutu a cikin tukunya, ba wadda ta koma gida. Na rage, suka ji wari suka ƙi ci. Na gwada da ɓawon gyaɗa, na gwada da ƙaiƙayi, na gwada da dusa, har na samu wanda suke so. Yanzu sai su ci, su ɗauka, su koma ƙasa da ƙafarsu, su ciyar da 'yan uwansu, su ciyar da uwar. Daga baya ne take aiki."

"Oh ni Delu! Anasaran gonar gwajin ne ya koya maka wannan mugunta, ko da ita aka haife ka?"

"Anasara maganin kawai ya kawo, shi yanzu akwatunansa yake ɗaurewa. Tukunya tamu ce."

"Ka iya tsara zance, ba ƙarya. Da a kasuwar Zango kake da ka sayar da yashi. To, in ba ta kashe gara nan take ba, ta yaya za ta kashe zabo?"

Alkasum ya dubi tsakin.

"Ban sani ba ko za su mutu duka. Ban gwada a kan tsaki ba, abin da ban gwada ba kuwa ba na cewa na sani. Amma cikinsu ƙarami ne, kuma garar nan cike take da shi. Ba na so a fara gwadawa a kan naki."

Nan dariyata ta tsaya. Na san Alkasum tun yana yaro, in ƙarya yake shirgawa ba ya taɓa cewa bai sani ba, komai ya sani har da abin da ke cikin aljihun kumandan. Na buɗe baki na ce, "Delu, anya kuwa?"

"Kande, har ke ya saye? Sabon salo ne, bara bai iya wannan ba."

Tsakin suka ƙara kuka, rana ta fara ɗagawa, yunwa ta kama su. Delu ta tsuguna a tsakiyarsu, ta dire tukunyar a kan gwiwa, ta fara kiransu da baki yadda ta saba. Suka yo kanta gaba ɗaya, wasu har suna hawa ƙafarta. Ta sa hannu a kan faifai.

Alkasum ya zare takalmansa. Ya cire hula. Da farin wandon nan nasa na sarwis, mai guga kamar wuƙa, ya zube gwiwa biyu a cikin taɓo da kashin kaji, ya dunƙule hannu ya ɗaga.

"Ranki ya daɗe, uwargijiyata. Ni Alkasum ɗan Ramlatu, ɗan mace ne, bawanki ne, ke ce 'yar namiji. Na faɗa da bakina. Bawanki yana roƙo, kada ki buɗe tukunyar nan."

Taɓarya ta kusa faɗo mini a ƙafa.

Sai kun san abin da aka sha kafin ku gane. Suna yara Delu ta taɓa danne shi a rairayi ta cika masa baki da ƙasa don ya faɗi kalmar nan, ya haɗiye ƙasar bai faɗa ba. Ranar aurensa ta zauna a ƙofar ɗakin amarya ta ce ba mai shiga sai ya amsa shi bawa ne, ya gwammace ya ba ta akuya. Kakarsu ma, tana kwance ciwon ajali, ta ce ya faɗa sau ɗaya ta yi dariya, ya ce ta yafe masa wannan. Mutumin da ya hana kakarsa ba zai sayar da ita a kan tukunya ba.

Hannun Delu ya tsaya a kan faifan. Ta dube shi, ta dubi tsakin, ta sake dubansa.

"Alkasum," in ji ta, muryarta ta yi ƙasa. Ban taɓa jin ta kira sunansa haka tsirara ba. "Da gaske kake?"

"Da gaske nake, Delu."

Ta danne faifan da hannu biyu, ta miƙe a hankali kamar mai ɗauke da jariri, ta tsallake tsakin ɗaya bayan ɗaya, ta miƙa masa. Ya karɓa ya ɗaure bakin da tsumma, ya kai bayan ƙofa ya ɗora a kan keke.

"Wanke hannunki da toka da sabulu, har gwiwar hannu. Zanen ma ki sauya."

Ta wanke ba gardama, abin da ban taɓa gani ba. Ta dawo ta zauna a kan turmi, ta kalli tsakinta, hawaye suka zubo mata.

"Da na kashe su da hannuna. Da me zan ce wa Nomau? Da me za mu ci da rani? Na ji tsoro, wallahi na ji tsoro."

"Laifina ne ma. A masallaci na sa aka faɗa."

"Su masu rawani ne ke kiwon zabi? Bar mini wannan. Kafin azahar duk macen da ke Zermu za ta san farin zane." Ta share ido da gefen zane, sai bakin ya fara dawowa. "Amma kai ma, duk surin da ke dajin nan, ka rasa inda za ka kife masifarka sai surin tsamiya, hanyar da nake bi kullum?"

"Daga wane suri garar da ta ci rumbunki ta fito?"

Ta ɗago kai ta dube shi, ya ci gaba.

"Na bi hanyarta bara, bayan rumbun ya zube. Daga surin tsamiya take. Na fara da na gonar Tanimu don in tabbata abin yana yi, ban so in yi miki alkawarin banza ba. Da ya yi, sai na zo kan naki."

"Na gonar Tanimu," in ji Delu a hankali. "Jiya da muka wuto na ce wa Kande surin nan ya yi shiru, ba ɗanyen gini a kansa ko kaɗan, ga shi ana ruwa. Ashe kai ne."

"Uwar ta mutu. Na fasa gefe na duba, ba kowa a gidan."

"Ba a tara maza ba, ba a yi haƙa ba?"

"Tukunya kawai, da haƙuri."

Delu ta riƙe haɓa ta daɗe tana kallonsa, shi da wandonsa da ya koma kalar taɓo. Ni kaina a ranar na ga girman yaron nan. Mutum ya zauna damina biyu yana tsugune a gindin suri, gari na yi masa dariya, yana lura da abin da gara ke so da abin da ba ta so, har ya gano yadda zai aika wa uwarta saƙo a ƙarƙashin ƙasa. Ba ƙaramin kai ke yin wannan ba.

"Kai," in ji Delu, "ashe wannan ƙaton kan ba don ado aka ɗora maka ba. Gwaggo ba ta yi kukan banza ba."

"Yabo ne wannan?"

"Ana yaba jaki in ya kai kaya gida. Yanzu na ɓata maka aikin?"

"Kin tashe su. Sai na sake kifewa, in jira su manta."

"Kife. Ni zan kewaye shi da ƙaya, kuma duk wadda ta matsa kusa ta gamu da ni. Amma tsakina ba su karya ba."

"Akwai tukwanena marasa zane a bayan rijiya, ba komai a ciki sai kara da kashin shanu. Da su nake kwatantawa. Ɗauki ɗaya."

"In ɗauka? Ina da bawa, in ɗauka da kaina?"

Alkasum ya waiga dama da hagu, ya rage murya.

"Delu, maganar nan da na yi ɗazu, don ceton rai ce. Mayar mini da ita. Ba wanda ya ji."

Ni kuwa me nake jira? Na kama hanci na rangaɗa guɗa ta saman danga, irin wadda ake yi ranar kai amarya. Matan maƙwabta suka fara leƙowa suna tambayar wa ya haihu.

"Ba haihuwa ba ce," in ji Delu da ƙarfi, ta miƙe tsaye a kan turmi. "Ku shaida, jama'a! Nan da 'yan kwanaki anasara za su sauke tuta, kowa a ƙasar nan ya samu 'yancin kai, har makafi da kutare. Ban da mutum ɗaya a duk Damagaram. Shi yau ya shiga bauta, da bakinsa, gwiwa biyu a ƙasa!"

Alkasum ya tsaya kamar zai musa. Ya dubi tsakin suna tsattsagar igiyar takalminsa, kowanne da ransa, sai dariya ta ƙwace masa har ya dafa danga, ta kusa zubowa kaina.

"Na yarda. An ci ni."

Delu ta shiga ɗaki ta fito da ƙwaryar fura da nono, ta dire a gabansa, ta ɗora masa ƙwan zabi dafaffe a kan faifai.

"Sha, ba ƙadangare a ciki. In ka gama ka je bayan rijiya. Kuma a ka za ka ɗauko ta, ba a keke ba."

Ya shanye, ya lashe ludayin. Ba a jima ba muka hango shi tafe ta tsakiyar gari, farin wando duk taɓo, tukunya a ka, yana gaida mutane da hannu ɗaya. Ya durƙusa a tsakar gidan Delu ya juye wa tsakin da kansa, ya tsaya yana kallo har suka ƙoshi.